Fakin Allura: Tsofaffin Kwamfutoci da Amanar Takardu a Kan Iyakar Jibiya





Da farko muna miƙa godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku yau, alhali kuwa a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka fi mu sanin abin da za mu faɗa nesa ba kusa ba. Batun namu shi ne yadda faifan ajiya na tsofaffin kwamfutocin tebur yake lalacewa, da kuma wata al'ada da masu aiki da su suka taɓa riƙewa hannu bibbiyu, wadda ake kira fakin allura. Masu gyara a kasuwa suna kiran wannan faifai "hadis", amma mu, saboda girman kalmar da ta yi kama da wannan a wurinmu, za mu tsaya a kan faifan ajiya. Mun kuma zaɓi mu kafa maganar a kan iyakar Jibiya, domin kuwa kusan duk abin da faifan ajiya yake tsoro a duniya ya taru a wannan 'yar hanya.

Ga wanda bai san wurin ba, idan mutum ya bar birnin Katsina ya nufi yamma, bayan tafiyar kilomita 40 da 'yan kai zai isa Magama ta Jibiya, inda ofisoshin kwastan da na shige da fice suke. Daga nan sai Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar, sai Maraɗi. Mutanen ɓangarorin nan biyu harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, har ma sarautar Maraɗi ta Katsinawan da suka koma can ce bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Amma duk da wannan zumunci, kayan da za su ƙetare bisa ƙa'ida ba sa ƙetarewa sai da takarda. Takardun kuwa tuni suka koma cikin kwamfuta. Tun 1981 Majalisar Ɗinkin Duniya ta soma shirya wa ƙasashen Afirka ta Yamma wata manhajar kwastan mai suna ASYCUDA, wadda masu Faransanci ke kira SYDONIA, kuma Nijeriya ta karɓe ta a ƙarshen shekarun 1990. To, hukuma tana da manyan na'urori inda take tara bayananta. Damuwarmu tana kan ƙananan mutane: wakilin fiton kaya, da mai shagon buga takardu, da magatakardan ƙungiyar direbobi, da akawun ɗan kasuwa mai riƙe da lissafin bashi. Irin waɗannan ba su da kowa sai Allah sai akwatin nan guda da ke ƙarƙashin tebur, wanda sau da yawa na hannu ne, ya gama aikinsa a wani ofis a Turai kafin ya zo mana.

Bari mu leƙa cikin faifan. Dattawanmu sun san garmaho, inda ake ɗora allura a kan faifai yana juyawa sai murya ta fito. Faifan ajiya ma haka fasalinsa yake: faranti ne na alminiyam ko gilashi, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa, ga kuma hannu riƙe da allura mai rubutu da karatu. Bambancin shi ne allurar garmaho tana taɓa faifai, wannan kuwa haramun ne ta taɓa shi muddin yana gudu. Iskar da farantin yake kaɗawa ita ce ke ɗauke da ita, tana shawagi kamar shirwa. Faifan kwamfutar tebur mai zagaye 7,200 a minti ɗaya, bakin farantinsa yana gudun da ya kusa kilomita 130 a sa'a, watau gudun da direba mai hankali ba zai yi ba tsakanin Katsina da Jibiya. Tazarar da ke tsakanin allura da faranti a faifan shekarun 1980 ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. A faifan zamanin nan kuwa, sai an tsaga silin gashin mutum gida dubbai kafin a sami siririn da zai shiga wannan tazara. Ke nan duk ranar da allurar ta sauko ta gogi faranti yana cikin wannan gudu, sai ta kankare shafen maganaɗisun, garin da ta kankaro ya bazu a ciki ya zama tsakuwa a kan hanyarta, ɓarna ta yi ta haihuwar ɓarna har faifan ya mutu. Rubutun da aka kankare kuwa babu malamin da zai dawo da shi.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: idan iska ce ke riƙe da allura, ina take sauka idan an kashe wuta faranti ya tsaya? Nan ne asalin maganarmu.

Faifan ajiya na farko kamfanin IBM ne ya fito da shi a Amurka a 1956. Faranti 50 gare shi, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar kusan tan guda, abin da take ɗauka kuwa harafi miliyan 5 ne kacal. A 1973 kamfanin ya fito da wani samfuri da aka yi wa laƙabi da Winchester, wanda aka shafa wa farantinsa mai, aka bar allurar ta riƙa sauka a kansa idan ya tsaya, ta kuma tashi idan ya soma gudu, kamar jirgin sama a filinsa. Wannan dabara ce ta gangaro har kan tebur, lokacin da kamfanin Seagate ya yi faifai mai megabait 5 a 1980, sa'an nan IBM ya sa mai megabait 10 a kwamfutarsa PC/XT a 1983. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Seagate ST-225: faranti 2, allura 4, layi 615 a kowace fuska, kowane layi an yanka shi gida 17, kowane gida yana ɗaukar harafi 512. Mai son lissafi ya ninka, zai sami 21,411,840, watau abin da hoto 5 ko 6 na wayar da ke aljihunku zai cinye.

Waɗannan faifaye wani inji ne mai taku ɗaiɗai yake tura hannun allurarsu. Idan aka ce masa layi na 300, sai ya ƙirga taku 300 ya tsaya, ba ya duba ko ya sauka daidai. Saboda haka ma zafi da sanyi suke ruɗa shi, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, har ya zama abin da aka rubuta da tsakar rana a watan bazara yana iya ƙin karantuwa da asubar hunturu, sai an bar na'urar ta ɗumama. Babban aibinsa dai shi ne idan wuta ta yanke, inda yake nan yake tsayawa, allura ta sauko ta kwanta a kan rubutun mutane. In an bar kwamfutar a wurinta, da sauƙi. In kuwa aka ɗauke ta aka sa a mota, kowane rami da taya ta faɗa sai allurar ta yi tsalle ta dawo ta sari wurin da take kwance.

Maganin da aka samo shi ne a keɓe wani layi can kusa da cibiyar faranti, wanda ba a rubuta kome a kansa, ya zama masaukin allura. Kafin mutum ya kashe kwamfuta sai ya buga umarnin PARK, ko SHIPDISK da IBM yake bayarwa a faifan gwajinsa, sai ya ji ɗan gurnani, allura ta koma masauki, sa'an nan ya kashe. Wannan shi ne fakin allura. Wanda ya taɓa shiga shafin saitin tsohuwar kwamfuta zai tuna wani gurbi da aka rubuta wa LANDZ. Lambar wannan masauki ake sawa a ciki. Ma'aikacin wancan zamani da ya ɗauki kwamfutar ofis daga wannan ɗaki zuwa wancan bai yi fakin ba, laifinsa daidai yake da na direban da ya bar tirela a gangare ba waigi.

Daga baya aka sauya injin mai taku da wani naɗin waya da ke motsi cikin maganaɗisu, irin wanda ke cikin lasifika. Shi wannan yana karanta alamomin da ke kan faranti yana gyara zamansa, kuma aka haɗa masa wata hikima da ta burge mu ƙwarai. Idan wuta ta yanke, farantin ba ya tsayawa nan take, yana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Sai injin da ke juya shi ya rikiɗe ya zama kamar dainamon keke, ya ba da 'yar wutar da za ta ja allura zuwa masauki, wani ɗan makulli ya riƙe ta. Tun farkon shekarun 1990 kusan duk faifan da aka ƙera yana yi wa kansa fakin. Daga bisani ma aka yi wa allurar ɗan tudu na roba a wajen faranti, tana hawa ta zauna ba ta taɓa shi sam, har a 2003 IBM ya sa wa kwamfutocinsa na cinya wata na'ura da ke jin faɗuwa, ta janye allura kafin a kai ƙasa.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya ce muku a yau sai kun nemo umarnin PARK kafin ku kashe kwamfutar da aka ƙera bayan 2000, labarin bara yake ba ku. Umarnin ya mutu. Abin da muke so mu ja hankali a kai shi ne, dalilan da suka haife shi suna nan da ransu, kuma mutuwar umarnin ta sa mutane sun saki jiki, sun ɗauka akwatin nan rediyo ne da za a jefa bayan a-kori-kura tare da buhunan gero.

Mu ɗauki hanya tukuna. Allurar da ta yi fakin tana jure girgiza fiye da wadda ke shawagi nesa ba kusa ba, amma juriyar tana da iyaka, kuma faifan kwamfutar tebur ba a yi shi domin tafiya ba. Kwamfutar da ta sauka a Legas ko Kwatano ta riga ta sha jifa a jirgin ruwa da tasha da bayan babbar mota kafin ta ga Kano, balle Jibiya ko Maraɗi. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ne ke shiga Legas kowane wata, kuma masu sana'ar sun shaida mata cewa har kashi 75 cikin 100 na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Wanda ya tsira daga cikinsu shi ne muke saye muna murna. Sa'an nan ga shingayen bincike da ke kan hanyar iyaka, inda ake sauke kaya a buɗe a mayar, wani lokaci a ce a kunna a gani. Mafi munin abu shi ne a ɗaga akwati ko a dangwarar da shi faranti yana cikin gudu, ko kuma a kashe a sunkuce shi nan take kafin ya gama tsayawa.

Sai wuta. Gaskiya ne faifan zamani yana janye allurarsa idan an ɗauke wuta, amma janyewar gaggawa ce, da ƙarfi ake fizgarta, kuma faifan da kansa yana ƙirga sau nawa aka yi masa haka, daban da kashewar lalama. Bugu da ƙari, abin da ake cikin rubutawa a wannan daƙiƙa yakan tsinke a tsakiya, in kuma tsautsayi ya sa taswirar da ke nuna inda kowace takarda take ce ake gyarawa, sai a wayi gari takardun suna ciki amma an rasa hanyar zuwa gare su. Yanzu ku auna shagon da ke sauyawa daga wutar gari zuwa janareta sau da yawa a yini, ba tare da batirin riƙe wuta a tsakani ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun ɗanɗani wannan a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake tasowa.

Game da ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara. Faifai yana da 'yar ƙofar numfashi, amma da matata a bakinta, ƙura ba ta shiga ta nan. Abin da take yi shi ne ta toshe fanka da ramukan iska na akwati, zafi ya taru a ciki, a garin da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa a watan Afrilu. Ranar da ƙura take shiga faifai ita ce ranar da mai gyara ya ɗauko sukudireba ya buɗe murfinsa a kan benci a bakin titi, wai zai duba abin da ke ƙara. Ƙwayar ƙura guda a gaban allurar nan dutse ce. Kamfanonin da ke ceto bayanai a ɗaki na musamman mai tatacciyar iska suke buɗe shi. Muna girmama masu gyaranmu, da yawansu sun koyi aikin da basirarsu ba tare da malami ba, amma a wannan wuri ɗaya muna roƙonsu su mayar da sukudireba aljihu.

Akwai kuma wata cuta da zama ke kawowa, wadda ta dace da tarihin wannan iyaka ƙwarai. Faifan da allurarsa ke kwanciya a kan faranti, idan ya daɗe ba a kunna shi ba, musamman inda akwai laima, allurar takan manne da farantin, kamar gilashi biyu da ruwa ya shiga tsakaninsu. Ranar da aka kunna, ko injin ya kasa juyawa, ko ya juya da ƙarfi ya fizge allurar. To, an rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, kuma ko da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disamba na 2020, Jibiya sai a Afrilu na 2022 aka buɗe ta, watau bayan wata 32. Ba a daɗe ba aka sake rufewa daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. Mutumin da sana'arsa ta dogara da ƙetarewar kaya, ya ja ƙofar shago ya tafi neman abinci wani wuri, damina biyu ta wuce a kan kwamfutarsa, ranar da ya dawo da murna ya danna maɓalli, ba lalle ne ta amsa masa ba. A cikinta kuwa akwai sunayen waɗanda yake bi bashi.

Kada kuma a ɗauka yawan fakin alheri ne zalla. Kamfanin Western Digital ya taɓa fito da wasu faifaye masu laƙabin Green, waɗanda domin tsimin wuta suke mayar da allura kan tudunta da zarar ta yi daƙiƙa 8 ba aiki. An ƙayyade musu hawa da sauka 300,000. Idan manhajar da ke kan kwamfuta tana taɓa faifai sau ɗaya kowane minti, sau 1,440 ke nan a yini, cikin wata 7 an cinye adadin. Ko zuma ce aka sha ta wuce kima sai ta ɓata ciki.

Shin faifai yana yin sallama kafin ya tafi? Wani lokaci yana yi. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake sa wa faifaye wani littafin lafiya na cikin gida mai suna SMART, inda suke rubuta sa'o'in da suka yi suna aiki, da zafin da suka sha, da gidajen da suka lalace aka musanya. Akwai manhajoji na kyauta, irin su CrystalDiskInfo, da ke buɗe wannan littafi cikin minti ɗaya. Shekara guda sa'a 8,760 ce. Idan ka ga faifan da ake cewa "sabo ne, ɗan Baljiyam" ya nuna sa'a 35,000, ka san ya yi shekara 4 bai runtsa ba. A 2007 wasu masana na kamfanin Google suka bi diddigin faifaye fiye da 100,000, suka gano cewa wanda ya nuna kuskuren farko a binciken fuskarsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Amma suka kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan. Ku lura fa, waɗannan faifaye ne da ke zaune a ɗakuna masu sanyi, wutarsu ba ta ƙiftawa, ba wanda ya taɓa ɗora su a kan acaɓa. Idan wannan ne halin 'yan gata, me za a ce da na Magama?

Idan kuwa faifai ya soma ƙara ƙwas-ƙwas-ƙwas yana maimaitawa, allura ce ke neman alamominta tana rasawa, tana komawa tana buga makari. A wannan lokaci kowace kunnawa ƙarin rauni ce. Masu cewa a sa shi a firji, ko a ɗan buge shi da tafin hannu, dabarar da ta taɓa yi wa faifan da ya manne amfani a shekarun 1980 suke gwadawa a kan cutar da ba ita ba. In yana karantuwa, a kwashe mafi muhimmanci tukuna, takardun kuɗi kafin finafinai. In ba ya karantuwa, a kashe a ajiye.

Wani zai ce ai yanzu an sami ma'ajiya marar faranti, wadda ake kira es-es-di, ba allura ba juyawa. Haka ne, kuma duk mai hali muna ba shi shawara ya sauya, domin ramin hanya ba ya yi mata kome. Sai dai ita ma ba ta son a yanke mata wuta tana cikin rubutu, ba ta son doguwar ajiya cikin zafi ba a kunna ta ba, kuma idan za ta mutu ba ta ko yin ƙarar da za ta farkar da mai ita.

Mu ɗalibai da muke komawa gida hutu, mu ne ake kira idan kwamfutar shagon kawu ko ta ofishin makarantar garinmu ta ƙi tashi, ko da kuwa Hausa ko Tarihi muke karantawa, tunda an ce muna jami'a. To, kada mu jira sai an kira mu. Mu buɗe littafin lafiyar faifan mu duba. Mu kwafe takardun a wuri na biyu, mu kai kwafin wani gida daban, domin gobara da ɓarawo ba sa bambanta akwati da abin da ke jingine da shi. Mu hure ƙurar fanka. In za a rufe shago na watanni, a riƙa kunna na'urar lokaci-lokaci. In kuma tafiya ta kama, daga Katsina zuwa Jibiya ko daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi, a kashe kwamfutar ta hanyar da manhaja ta tanada, a ƙirga 30 kafin a taɓa ta, a kwance faifan daga cikin akwati, sukurori 4 ne kawai da waya 2, a sa shi a ledarsa ta hana tartsatsi in akwai, a naɗe da tsumma mai kauri, mai shi ya riƙe a cinyarsa a kujerar gaba. Akwatin kuwa ya bi buhunan gero a baya, ba abin da zai same shi da ba a sayarwa a kasuwa.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a bar lokacin tambayoyi.